Akwatin Baba Mai Ƙarnin Kifi

Har na kai shekara tara ban taɓa tsoma ƙafata a teku ba, alhali a Jidda aka haife ni. Muna zaune a Bani Malik, a hawa na uku na wani tsohon bene, iskar teku tana iso mu kullum da danshinta, amma ruwan kansa sai dai mu hango shi ta tagar mota. Kuma laifin Baba ne, Allah ya ƙara masa lafiya.

Baba tela ne, shagonsa yana Bab Makka. Daga Katsina ya zo da niyyar yin shekara biyu, sai ga shi har da aure da 'ya'ya uku, amma bakinsa bai daina cewa, "Mu ba yawon buɗe ido muka zo ba, nema muka zo. Baɗi war haka muna gida." A ƙarƙashin gadonsa akwai wani ƙaton akwati shuɗi, kullum a shirye, cike da shadda da dardumomi da turare, tsarabar mutanen Katsina. Ko Umma ba ta isa ta taɓa shi ba.

Kakarmu, mahaifiyar Umma, Bahaushiyar Sudan ce, shi ya sa muke ce mata Habboba, wato kaka a bakin mutanen can. Daga Sawakin, can gaɓar Sudan, ta ƙetaro teku tana yarinya. Tsakaninta da Baba akwai kunya ta surukuta irin ta da. Ba ta kama sunansa, ba ta kallon idonsa. Idan tana da magana da shi, Umma take faɗa wa, ko da yana tsaye a wurin. Shi kuma daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

Da an idar da magariba muke hawa saman bene. Jidda ba garin jin wuta ba ne, amma Habboba ba ta yarda da gahawar da aka dafa a kan gas ba. Sai ta hura gawayi a ɗan murhunta, ta soya 'ya'yan gahawa har hayaƙin ya cika mana hanci, ta daka da citta, ta ɗora jabana, ɗan tulunta na dafa gahawa. Mu zauna kewaye da ita, ni da yayana Sadiƙu da ƙanwata Huda. Baba kuwa yana can bayan tankin ruwa yana ɗinka maɓallai kafin kiran isha'i, wai shi ba ya sauraron tatsuniya.

Wani mako maƙwabtanmu suka je Tuwal, ɗan garin masunta da ke arewa da Jidda, suka dawo da bawon katantanwa da labarai har suka ishe mu. Sadiƙu ya yi ƙundumbala ya roƙi Baba ya kai mu ranar Juma'a. Baba ya ce, "Halas, na gama magana." Ranar da fuska a kumbure muka hau sama. Habboba ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta tambayi komai ba. Sai da ta zuba gahawarta, sannan ta buɗe tatsuniya yadda ta saba.

"Jirgi ya matso gaɓa, wa zai shiga?"

"Mu ne!"

"To yalla, kowa ya tattare zanensa."

Amma yau muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, ta kuma ɗan juya wajen tankin ruwa.

Wai wani mutum ne ya yi tafiyar shekaru a ƙasa, har ya iso wani ɗan gari a bakin teku inda ake jiran jirgin ƙetarawa. Ya ajiye ƙunshinsa a gaɓa, ya hau kai ya zauna, ya kafa wa ruwa ido. Masunci ya zo ya ce, baƙo, taso ka ga kwale-kwale suna dawowa da hantsi, da kifi ja da kore da mai zane kamar atamfa. Ya ce shi mai wucewa ne. Wata tsohuwa ta ce ya zo ya ga raƙumin da aka ɗaure wa ido yana zagaya turmi yana matse man riɗi. Ya ce shi mai wucewa ne. Ladan ya ce ya hau hasumiya ya ga gidajen da aka gina da dutsen cikin teku, farare fat. Yara suka ce ruwa ya janye, ya zo a kama ƙaguwa. Har kuliyoyin garin, waɗanda ba sa karɓar kan kifi sai tsoka, sun zo sun yi masa sallama. Amsar dai ɗaya ce.

Habboba takan maƙe murya duk sanda ta zo kan amsar, ta ce, "Ni mai wucewa ne," da wani irin Katsinanci da muka san mai shi. Huda ta toshe baki da hannu.

Mutumin nan ya zauna har gemunsa ya sauko cinya, ƙaguwa ta tare a takalminsa, tsuntsu ya yi ƙwai a rawaninsa. Ran nan sai ga jirgi. Ya riga kowa isa. Mai jirgi ya tare shi ya ce, tafiyar tana da nisa, kuma a jirginsa ba a shiga sai da labari, kowa zai ba da na abin da ya gani a garin nan don a rage hanya. Me ka gani?

Mutumin ya ce ya ga ruwa.

"Ruwa?" Habboba ta buga cinya. "Mai jirgi ya ce, bawan Allah, ni za ka ba labarin ruwa? Sauka!"

Muka kwashe da dariya. Huda ta ce, "Ya Habboba, shi ke nan bai ƙetare ba?"

"Ya ƙetare mana, ya binti. Da ya sauka ya shiga gari, ya ci soyayyen kifi, ya yi wa raƙumi dariya har da hawaye. Wani jirgin ya zo, ya shiga da labari cike da baki. Gemun ne dai ya riga ya yi fari. To, mun iso, kowa ya sauka da takalminsa."

Daga bayan tanki muka ji gyaran murya, sannan ƙarar maɓallai sun zube a ƙasa. Baba ya tsince su ya sauka masallaci tun ba a kira salla ba.

Ranar Juma'a bayan asuba muka tarar da abin mamaki. Shadda da dardumomi a jibge kan gado, akwatin shuɗi kuwa Baba yana cusa masa tabarmi da kwanuka, domin gidanmu ba mu da wani abin ɗaukar kayan fita. Ya aro wanet, motar ɗaukar kayan maƙwabcinmu. Habboba ta ƙi zama kusa da surukinta, ta haye baya tare da mu, murhunta a cinya.

Ban manta komai na ranar ba. Mun tarar ana gwanjon kifi, mai shela yana ta zuba Larabci kamar ana faɗa. Baba, mai wucewa, ya kutsa cikin masunta yana ɗaga hannu, sai ga shi da jajayen kifin najil da za su ishi gida uku. Aka soya mana biyu muka ci da shinkafar sayadiya, muna ƙona yatsu. Mun bi kwale-kwale masu fenti muna karanta sunayensu, mun kori ƙaguwa ta kore mu, mun cika aljihu da bawon katantanwa. Da na shiga ruwan na ji shi da ɗumi, na ɗanɗana na tofar, murna ta sa na yi ta ihu ba dalili. Bayan sallar Juma'a Baba da kansa ya naɗe wando ya shigo, igiyar ruwa ta kwashe masa ƙafa ya zauna daɓas.

Habboba tana zaune a gaɓa, ƙafafunta cikin tekun da ta ƙetaro. Ta kalli Umma ta ce, "Tambayi mai gidan nan, in mai jirgi ya tare shi, ya samu abin faɗa?"

Baba ya kalli Sadiƙu, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Gaya wa Hajiya an fara samu."

Sauran kifin a cikin akwatin aka zubo shi da ƙanƙara, leda ta fashe a hanya. Umma ta wanke, ta shanya, ta turara, a banza. Shadda ba ta sake komawa ciki ba, Tuwal kuwa mun koma ya fi a ƙirga.

Da ina ɗauka tatsuniyar ta Baba ce shi kaɗai. Yanzu Habboba tana kwance a maƙabartar Jidda, ni kuma ina nan ina sabunta iƙama, takardar izinin zama, kamar kowane baƙo, ban san shekarar da za a ce mu tattara ba. Rannan 'yata ta ce in kai su bakin ruwa, na ji bakina yana shirin cewa ai mu ba zama muka zo yi ba. Kunya ta kama ni, na ce ta ɗauko takalminta. Sai a lokacin na gane cewa wurin da mutum yake jira, shi ma cikin kwanakinsa ake lissafa shi.

Baba ya koma Katsina da furfurarsa, kuma da akwatin nan ya tafi. Umma takan kira ni tana mita, wai ya hana a jefar. In 'ya'yan 'yan'uwa suka taru, waɗanda ba su taɓa ganin teku ba, sai ya jawo shi daga ƙarƙashin gado ya buɗe, ya ce, "Ku matso ku sunsuna tukuna, sannan in ba ku labari."