Dattijon da ke rera waƙar Herborg

A tashar jirgin ruwan tsibirin Nólsoy akwai wani dattijo da ban sani ba, yana tsaye cikin yayyafi. Rigar ulunsa saƙar gida ce, ta sha faci a gwiwar hannu. Ya rungume busasshiyar cinyar tunkiya kamar jariri, ina jin tsarabar 'yarsa ce. Hannayensa duk kantar igiyar kamun kifi. Yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, ƙafarsa na bin takun rawarmu ta gargajiya, wadda ake yi riƙe da hannun juna: hagu, hagu, dama.

Waƙar ƙawata Herborg ce. A kicin ɗina ta tsara ta da jitarta, ta yi shekaru tana rera ta ƙauye-ƙauye, kullum fargabarta kada waƙoƙinta su bi ta kabari. Tun da muka binne ta ban iya kunna faifanta ba.

Na matsa kusa. "Baba, ina ka samo waƙar nan?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, 'yan birni! Ba ku san komai ba sai rediyo. Wannan ai ta kakanni ce, 'yar nan. A garinmu ba a tashi daga rawar biki sai an yi ta."

Na buɗe baki in gyara masa, sai hawaye suka riga ni.

"Af! Muryar tawa ce ta yi muni haka?"

"A'a, Baba. Ci gaba."

Ya maƙale cinyar a hammata, ya miƙo mini hannu. "To kama. Ba a yin ta mutum ɗaya."