Fahriya Ƙanwar Mai Amba

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan su Fahriya a unguwar Ashar, cikin Basra. Tare muka tashi, tare aka cire mu daga makaranta. Ni aka yi mini aure, ita aka miƙa mata taɓarya.

Babanta, Hajji Abbud, amba yake yi, wato kwaɓin mangwaro mai tsami da yaji da ake zubawa a kan abinci. Rumfa ce ƙarama a bakin kasuwa, amma duk mai suyar falafel, ƙosan Larabawa, da ya san ciwon sana'arsa a wajensa yake saye. Ɗanyen mangwaro ake kawo masa daga Indiya, a yanka, a barbaɗe da gishiri, a shanya a saman soro har ya yi laushi. Sai a daka hardal, ƙwayar nan mai hawa hanci ta sa ƙato hawaye, a haɗa da hulba da kurkur da barkono, a kwaɓa da ruwan kal mai tsami na dabino, a zuba a manyan tuluna a toshe. Sauran aikin na harshe ne da hanci. Kowace safiya sai an buɗe tulunan an ɗanɗana. Wannan yana son gishiri, wancan ɗacin hardal ɗinsa bai kwanta ba, na lungu kuma a fitar da shi yau, gobe ya wuce. Hajji ya zaunar da ɗansa Jabbar ya koya masa. Fahriya ba wanda ya koya mata. Tana daka tana lasar yatsa, har ta iya.

Da yaƙin Iran ya ɓarke aka ɗauki Jabbar soja. Kafin ya dawo Hajji ya rasu, uwarsu kuwa dama ta daɗe da rasuwa. Ya dawo da tabo a bayan kunne inda ɓarɓashin bom ya same shi, amma da ƙafafunsa biyu, muka yi guɗa. Ya buɗe rumfa, ya yi aure, ya haifi ɗa Sattar.

Ambar farko da ya fitar, masu falafel suka dawo masa da ita. Ta biyu ma haka. Wata safiya ya kira Fahriya ɗakin tuluna ya tura ƙofa. Sai bayan shekaru da yawa ta ba ni labarin.

"Ɗanɗana mini wannan," in ji shi.

Ko cokalin ba ta kai baki ba. "Yaya, ai wannan ya lalace. Ba ka jin warin?"

Ya zauna a kan buhun gishiri. "Ba na jin komai, Fahriya. Tun ranar da abin nan ya same ni. Zafi nake ji, sai gishiri. Ambar Baba da kunun da ya kwana duk ɗaya ne a bakina." Ya kama gefen mayafinta. "In kasuwa ta ji, mun shiga uku. Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba, ko matata."

Ta rantse. Tun daga ranar, kafin ya fita ita ce ke zagaya tulunan da cokalin katako, ta faɗa masa abin da kowanne ke so. Shi kuma a rumfa sai ya ɗebo kaɗan a gaban mutane, ya lumshe ido, ya ce saura kwana biyu. Masu saye suka dawo. Aka riƙa cewa Abu Sattar, wato Jabbar, ya fi babansa ma. Mai gasa kifi na bakin kogi ba ya shafa wa kifinsa wata amba sai tasa, mata na aikowa a zuba musu a kan dafaffen ƙwai da soyayyen gauta.

Akwai wani kafinta, Mizhir, mai gyaran kwale-kwale. Dogo ne, hannunsa kullum da kwalta. Yakan zo gidan sayen amba maimakon rumfa, wai ta gida ta fi. Ni ina leƙe ta katanga, don da na yi aure a gidanmu muka zauna da mijina.

"Kai kaɗai kake shanye kwalba a kwana uku?" in ji Fahriya. "Ko kwale-kwalen kake shafa wa?"

"Wallahi ƙwannafi take sa ni," ya ce. "Amma ban san wani abin da ake sayarwa a gidan nan ba."

Ta rufe baki da mayafi, kunnenta ya yi ja.

Mizhir ya turo kawunsa neman aurenta. Jabbar ya karɓe su da shayi, ya ce a bari a gama aikin mangwaron bana. Da aka gama ya ce a bari bayan Muharram. Bayan Muharram ya ce ya yi bincike, sana'ar kwale-kwale ba ta da gobe. Fahriya ta same shi a ɗakin tuluna.

"Yaya, ka aurar da ni. Gidansa ba nisa. Kullum da sassafe zan zo in ɗanɗana maka in koma."

"Sai mijin ya ce me ke kai ki kullum? Ki faɗa masa, ya faɗa wa uwarsa, kafin azahar duk Ashar ta ji."

"To haka zan zauna?"

"Me kika rasa? Ci ko sutura? Ki yi haƙuri Sattar ya girma, ki koya masa, sai ki tafi inda kike so."

Sattar a lokacin rarrafe yake.

Mizhir ya jira har ya gaji, ya auri wata a garin Abul Khasib. Danginsa suka aiko a ba su amba ta cin kifi da shinkafa ranar biki. Fahriya ce ta zaɓi tulun. Ranar na shiga na same ta tana dakan hardal, fuskarta sharkaf.

"Hardal ne, Sabriya," ta ce kafin in buɗe baki. "Na bana da ƙarfi yake."

Wasu manema biyu sun zo bayansa, aka sallame su da shayi. Daga nan ba wanda ya ƙara zuwa.

Shekarun da aka sa wa ƙasarmu takunkumi mangwaro ya ɓace daga kasuwa. Rumfuna da yawa suka rufe. Ita ta riƙa gwada karas da ɓawon lemun tsami da ɗanyen tumatir, tana ƙara wannan tana rage wancan, har ta fitar da abin da mutum zai zuba a burodi bai yi tsaki ba. Da shi gidan ya ci abinci a shekarun da mu muka sayar da tagoginmu.

Gishirin nan na kowace safiya kuwa yana taruwa. Ƙafafunta suka fara kumbura, kai ya riƙa sara mata. Ni na raka ta asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, ko ƙwayar gishiri kada ta ƙara sa wa a baki. A hanyar dawowa ne ta faɗa mini sirrin, muna tsaye a kan gada.

"To ki riƙa tofarwa mana," na ce.

"Wanda aka tofar ƙarya yake yi. Ɗacin hardal a maƙogwaro yake fitowa."

Ta faɗa wa Jabbar maganar likita. Ya sayo mata magani mai tsada, ya ce Allah ya sawwaƙe. Washegari ya tsaya a ƙofar ɗakin tuluna yana jiran ta, ta ɗauki cokali.

Sattar ya girma, amma bai zauna ya koya ba. Da ya karɓi rumfa sai ya shigo da garin amba na leda, a zuba ruwa a jarka a girgiza, kafin a sha shayi ta haɗu. Na ɗauka masu saye za su gudu. Ba su gudu ba. Wasu tsofaffi suka yi gunaguni, suka ci gaba da saye. Ciniki ma ya ƙaru.

"Gwaggo, ki huta," in ji Sattar. "Me kike yi a ɗakin nan kullum? Ke da aikinki daka ne, yanzu kuma ba daka."

Jabbar na zaune a wurin yana jan carbi. Bai ɗago kai ba. Aka fitar da tulunan aka jera a bakin titi, masu shuka fure suka kwashe.

Tana da shekara hamsin da wani abu Mizhir ya dawo. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, kunnensa ɗaya ya toshe, ciwon ƙirji ya kama shi. Da kansa ya zo, ba kawu. Tana kicin tana haɗa musu shayi ta ji yayanta ya kwashe da dariya.

"Yau ma ka tafi da ita in ka shirya! Ai da ka zo da wuri har tulu biyu zan ɗora maka kyauta."

Na zaci za ta ƙi. Ta ce mini, "Zan je, Sabriya. Ko don in ga yadda gari ke wayewa a wani gida."

Ya riƙe ta da mutunci. Yakan zauna a tsakar gida yana yi mata kujera ƙarama da sauran katako, yana tari, tana ɗaga murya don ya ji. Bai cika shekara biyu ba ya rasu. 'Ya'yansa suka sayar da gidan, suka kira mata mota. Da ta iso Ashar ta tarar ɗakinta cike da jarkoki har rufi. Sattar ya ce a ba shi mako guda ya kwashe. Na ja hannunta zuwa gidana, mako ya zama shekara uku.

A gidana ta yi ƙiba kaɗan. Tana tsince mini shinkafa, tana yi wa jikokina kitso, ina dafa mata nata ba gishiri tana zagina. Jabbar bai taɓa leƙowa ba, ga shi katanga ɗaya.

Bara ciwon sukari ya kwantar da shi, aka yanke masa ƙafa. Matarsa ta riga ta rasu, matar Sattar kuma ta ce ita ba za ta iya ba. Sai ga Sattar da ledar lemu.

"Gwaggo, Baba yana ta kiran sunanki. An kwashe ɗakin, har fanka na sa."

"Yanzu aka samu wurin jarkoki?" na ce. "Mai jinya ta yi tsada ne?"

"Inna Sabriya, ai maganar gida ce."

Fahriya ta tashi ta fara naɗe kayanta. Na bi ta ɗaki na ƙwace jakar.

"Ke kanki ba lafiya gare ki ba. Bai ishe ki ba? Me ya rage da bai karɓa ba?"

Ta karɓi jakarta a hankali. "Wa zai juya shi? Ba ya jin wari, Sabriya. Zai ɓata shimfiɗa bai sani ba, su bar shi a ciki."

Ta tafi. Yanzu da hantsi nakan hango ta a saman soronsu tana shanya zannuwan gado, tana hawa tsani tana hutawa a kowane mataki. In na kira ta sai ta ɗaga mini hannu, ta nuna ƙasa, wai yana jiran ta.