Alama ta Uku a Ƙafar Gwaggo

Oga Yohanna ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni a Samaru, ina wurin mai shayi. Ƙaninsa Ayuba ne ya kira. Da ya faɗa, wallahi dariya na yi. Na ce, "Gaya wa Oga wannan ba ta kama ni ba, ya sake shiri."

Ayuba ya ce, "Nafi'u, ka zo gida Muchia."

Ga wanda bai san shi ba, makanike ne a Sabon Gari, ƙafar mota ce sana'arsa. Ni kuwa kun san ni da tsokana. Na taɓa sa masa macijin roba a akwatin sifanu. Na taɓa ɗaure gwangwanin madara da tsakuwa a ƙarƙashin motata, na kai masa na ce tana wani irin kuka. Ya kwance taya, ya mayar, ya shiga ƙarƙashi, zufa na zuba, kafin ya gano. Bai zage ni ba. Miƙo min gwangwanin ya yi, ya ce, "Alaramma, ajiye. Wata rana zan rama, kuma ranar sai ka yi kuka."

Alaramma yake ce min don allo kaɗai na yi, shi ma ban yi nisa ba.

To shi ya sa duk hanya ina jiran in ga ya fito daga bayan ƙofa yana tafa hannu.

Da na shiga layinsu sai na ga kujerun roba a ƙofar gida. Matan zumunta na cocinsu a zaune, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Takalminsa na aiki a bakin ƙofa, da baƙin mai a jiki.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Oga ya rama.

Jiya bayan an tashi daga coci ya ce kansa na sarawa, ya yanke jiki ya faɗi. Aka kai shi asibiti, suka ce hawan jini ne. Bai sake magana ba.

Gwaggo ce ta haɗa mu, tsohuwar motata da muke wasa da ita ran Asabar a filin nan na bayan Samaru, inda muke jera tsofaffin tayoyi muna shan kwana. A lokacin na sa an yanke mata sifirin ɗin ƙafafu don ta kwanta ƙasa. Ta kwanta kam, amma in ta faɗa rami sai haƙoranka sun haɗu. Da na kai wa Oga, ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Wane maƙiyin naka ne ya yi maka wannan aikin?"

Na ce ni na sa.

Ya ce, "Na gane. Da maƙiyin kuke kwana ɗaki ɗaya."

Shi ya ce abin da ya dace da ni koyiloba ne, wato shok da sifirin a haɗe, jikinsa da zare irin na noti, da zobe biyu. Ka murɗa zoben mota ta sauka, ka murɗa ta tashi. Ya rufe garejinsa da rana tsaka ya raka ni shagon Oga Nduka mai kayan Beljiyam.

Kala uku muka samu. Idona ya faɗa kan wani sabo fil, ruwan gwal, sai ƙyalli yake. Oga Yohanna ya ɗaga, ya ji nauyinsa, ya ajiye. "Wannan na ɗaukar hoto ne."

Na biyu na masu tsere ne zalla, tauri kamar taɓarya. Na ce shi nake so. Oga Nduka har ya fara neman kwali, yana cewa yaro ya san abu mai kyau.

Oga ya ce, "Nduka, bar zuga shi. Alaramma, kwana nawa kake a fili, kwana nawa kake a titin Sabon Gari? Wannan a kwana zai riƙe ka, amma kafin damina ta wuce ya kwance maka duk wani noti, har na bayanka."

Sai ya jawo na uku, wani mara kyan gani. Ya goge sandar ya duba ko mai na tsiyaya, ya danna shi da ƙirji ya saki, ya bi zaren da farce ko ya cinye. A samansa akwai ɗan abin murɗawa, dama tauri, hagu laushi.

"Ɗauki wannan. Mota ba ta saurayi kaɗai ba ce. Wata rana za ka ɗauki tsoho, za ka ɗauki mara lafiya."

Na ɗauka ina ƙunƙuni.

Tunda ba na jituwa da lambobin tef ɗin awo, sai ya sato jan farcen matarsa ya yi min alama a jikin zaren. Ja ta Asabar ce, Gwaggo ta sauka ta yi tauri. Kore ta titi ce. Dokarsa ɗaya: Asabar da safe ya sauke ta, Lahadi da yamma in kawo ta ya ɗaga. Duk ranar da ya gan ni a titi tana ƙasa, har gida zai biyo ni da faɗa. Ni dai nawa zama a kan benci, ina cinye masa gyaɗa ina kwaikwayon muryarsa.

Shekaranjiya Asabar na gan shi ƙarshe. Ya sauke ta zuwa ja, ya tashi yana dafe ƙeya. Na ce tsufa ne, Oga, ka miƙa wa yara sifana. Ya jefe ni da tsumma.

"Gobe da yamma ka kawo ta. Kar in ga ka kai Litinin tana jan ciki kamar kada."

Jiya da yamma na je na tarar da gareji a kulle. Na kira, ba a ɗauka ba. Na tura masa saƙon murya, na ce ko tuwon biki ne ya danne shi a wani gida. Saƙon yana nan, ba a buɗe ba.

Yau daga Samaru zuwa Muchia, duk tudun da na hau sai cikin Gwaggo ya karci ƙasa.

Bayan na yi gaisuwa, matarsa, Maman Rahila, ta sa aka kira ni ciki. Muryarta ta dushe. Ta ce an gaya wa mahaifiyarsa a ƙauyensu can kudancin Kaduna, tsohuwar ta ce kar a rufe mata ɗa sai ta ga fuskarsa. Tsohuwar bayanta ya lalace, ba ta iya hawa babur, motar haya kuma a bakin kwalta take tsayawa.

"Nafi'u, za ka ɗauko mana Kaka?"

Na ce ko yanzu, Mama.

Ayuba ya leƙa waje ya girgiza kai. Ya ce ruwan bana ya cinye hanyar, a haka ko kwatar farko ba za ta tsallake ba. Ko an ɗaga ta zuwa kore ma yana shakka.

Maman Rahila ta tashi ta ciro sifanarsa mai ƙugiya ta murɗa zoben daga aljihun rigar aikinsa, ta sa min a hannu.

Ban taɓa ɗaga motar nan da kaina ba. Ayuba kuma malamin makaranta ne. Mai facin bakin layi ya ara mana jak, muka cire taya, na durƙusa inda Oga yake durƙusawa. Sai ga maganganunsa suna dawo min, waɗanda nake kwaikwaya don a yi dariya. Wanke yashi tukuna. Sassauta zoben kulle kafin ka taɓa ɗayan. Abin da ka yi wa dama ka yi wa hagu.

Ina wanke zaren da kananzir sai na ga ja, na ga kore, na ga kuma wata alama fara da ban san da ita ba, can gaba da kore. Na duba sauran ƙafafun. Kowacce da tata.

Na je na tambayi Maman Rahila. Ta fito ta sunkuya ta duba, sai ta zauna a ƙasa.

Ta ce ta hanyar gida ce. Wata rana da na bar masa motar ta wuni, ya gwada iyakar inda za ta tashi ba tare da ya wuce ƙa'ida ba, ya sa alama. So yake ya ari Gwaggo da Kirsimeti ya kawo Kaka Zariya likita ya duba bayanta. Yana ta jin nauyin tambayata.

Oga, ni kake jin nauyi? Ni da na sa maka maciji?

A nan ne na yi kukan da ya ce zan yi, a gaban mata, sifana a hannuna.

Mun gama kafin magariba. Gwaggo tana kan farar alama, duka huɗun, na murɗa laushi. Ta yi tsayi, ta yi muni, 'yan fili da sun gan ta sai sun yi wata suna min dariya. Gobe da sassafe za a duba mana alaimen, wato daidaiton tayoyi, daga nan ni da Ayuba mu kama hanya.

'Yan fili, kar ku jira ni Asabar ɗin nan. Masu son jayayyar addini a ƙarƙashin rubutun nan, don Allah ku ɗaga min ƙafa yau.

Allah, kai ka san alherin da bawan nan naka ya yi min, ka saka masa. Ka ba Maman Rahila da yaranta haƙuri, ka riƙe zuciyar Kaka. Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, ya sa iyalin nan a addu'a yadda aka koya masa. Ku roƙa mana kuma hanya ta yi sauƙi, hannuna ya yi sanyi a sitiyari, in kawo tsohuwar nan lafiya ta ga fuskar ɗanta.