Gaisuwar da Saje Bukar Ya Kai Kwandiko

Har gobe ban manta da ranar da muka je Kwandiko ni da Saje Bukar ba. A shekarar da ta biyo bayan kullen korona ne, lokacin da ake ta jan kunne kan taruwar jama'a. Ni ne magatakardan ofishin tsofaffin sojoji a Birnin Kudu, ko da yake ban taɓa sa kaki ba. Allo na yi, da ajami na fara rubutu, boko kuwa da girmana na tsince shi.

Kowace Janairu mukan yi taron tunawa da sojojin da suka rasu a bakin aiki. Da taro ya gagara, shugabanmu Kyaftin Lawan mai ritaya ya ce a buɗe shafi a intanet, a sa sunan kowane mamaci na yankinmu da muƙaminsa da hotonsa da 'yan kalmomi daga iyalinsa, domin duk wanda ya gani ya yi masa addu'a. Doka ɗaya ya kafa: ba a ɗora kowa sai da yardar magajinsa. Neman yardar nan shi ne aikina.

Cikin sunayen akwai Kofur Muhammadu Sambo, wanda abokansa ke kira Dikko. Ya rasu a arewa maso gabas, can aka binne shi, iyayensa ba su ga ko kabarinsa ba. Saje Bukar, wani dattijon Babarbare da ya yi ritaya ya zauna a garinmu, shi ya kawo mini hotonsa. Na ce ya raka ni gidansu, tunda na ji amininsa ne uban. Ya ce ƙafarsa na ciwo.

Na tafi Kwandiko ni kaɗai. Malam Sambo Bafulatani ne mai shanu da gona. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Na yi bayani tiryan-tiryan, na ambaci sunan marigayin, na miƙa hoton. Bai karɓa ba. Ya tambaye ni ko damina ta yi kyau a wajenmu, sannan ya tashi ya ce zai duba maruƙa. Har na yi sallar la'asar bai dawo ba.

Washegari na gaya wa Kyaftin cewa uban ya ƙi.

"To, a cire sunan," in ji shi. "Ba mu tilasta wa kowa."

Saje na zaune a kan benci a bakin ƙofa. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, bai ƙi ba. Dikko ɗan fari ne. Sambo bai taɓa kiran sunansa ba yana raye, yaya zai ɗauki hotonsa a gaban baƙo? Ko shekara Malam magatakarda zai yi a kan tabarmar nan ba zai ji e ba."

"To wa zai ji?"

"Sai wanda ba kunya tsakaninsu. Abokin wasa."

Kyaftin ya dube shi ya daɗe. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa kuma ya san Babarbaren da ke ofishin.

Nan Saje ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ke cinsa. Shi ya kai Dikko wajen ɗaukar soja, shi ya tsaya masa, shi ya ce wa uban ya kwantar da hankalinsa. Da labarin rasuwar ya zo ya kasa zuwa gaisuwa. Ya ce gobe, ya ce jibi, har aka share makoki, aka yi arba'in, shekara ta juyo. Ko a kasuwar Gwaram ya hango Malam Sambo sai ya canja layi.

"Saje," in ji Kyaftin a hankali, "ƙafarka ta warke. Wannan umarni ne."

Ranar kasuwa muka hau bas zuwa Gwaram, daga can muka ɗauki babur. Duk hanya carbi ne a hannun Saje. Ni kuwa na san in tafiyar nan ta ɓaci an rasa sunan Dikko a shafin, an kuma rasa zumuncin tsofaffi biyu.

Mun tarar da Malam Sambo a gindin tsamiya yana tufka igiya. Ya amsa sallamata, ya ƙare wa Saje kallo tun daga hula har takalmi.

"Malam, a ina ka tsinto mini bawana? Na ɗauka ya gudu."

Saje bai rama ba. Ya durƙusa, tsoho da furfurarsa, ya ce, "Sambo, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa. Ni na kai shi."

"Kai ka kai shi, ba kai ka kira shi ba. Wanda ya ba da shi ne ya kira abinsa. Tashi, kada yara su ga Babarbare yana kuka su ɗauka gero ya yi tsada."

Saje ya yi dariya hawaye na zuba. Aka kawo fura, ya sha, ya ce ruwa ya fi nono yawa, halin Fulani ba ya canjawa. Daga nan ya fito da maganar shafin gatsau, yadda ni ba zan iya ba.

Malam Sambo ya ci gaba da tufkarsa. "Me ya sa kuke tambayata? Ga ubansa nan da ya kai shi. Abin da ya ga dama ya yi da ɗansa."

Na ce saura 'yan kalmomin da za a rubuta a ƙarƙashin hoton. Malam Sambo ya juya yana duban garke.

"Akwai wani yaro da ya yi mini kiwon waɗancan," in ji shi. "Tun da ya ɗauki sanda har ya ajiye, ba manomin da ya taɓa sallama a ƙofar nan ya ce an yi masa ɓarna."

Na rubuta da ajami kamar yadda hannuna ya saba, na sa cikakken sunan a sama. Da na lura idonsa na bin alƙalamina, sai na miƙa masa na ce ya duba ko na yi kuskure. Ni da Saje muka juya muna kallon shanu. Da ya maido mini takardar, akwai shatin babban yatsansa, da ƙurar igiya, daidai kan sunan. Maganar nan tasa ita ce a ƙarƙashin hoton Kofur Dikko har yau, abokan aikinsa na ta rubuta addu'a a ƙasanta.

Ku da za ku gaje mu, abin da na koya shi ne, a aikin nan ba kowane shiru ne ƙi ba, kuma akwai gidan da ba magatakarda ake aikawa ba. Ku fara tambayar wane ne mamacin a wajen iyayensa, wa kuma ke da bakin magana a gidan.

Malam Sambo ya rako mu har bakin hanya. Saje na ƙoƙarin hawa babur sai ya riƙe masa hannun riga.

"Bukar, gaisuwa ɗaya nake bin ka, yau ka biya. Ba ka da sauran dalilin canja layi a kasuwa."

"Zan dai canja," in ji Saje, "in na ga ka taho da furar nan."