Langar Alhaji Munzali

Duk wanda ya san layin 'yan albasa a kasuwar Ogbete ya san Alhaji Munzali, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Ya zo Inugu yana saurayi a bayan motar shanu, ya yi dako, ya tura baro, har Allah ya ba shi rumfa. Alhajin ma na baki ne, don ni dai ban ga ranar da aka raka shi filin jirgi ba. Rumfata ta kuka da daddawa tana kallon tasa shekara da shekaru, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Bayan albasa, sana'arsa ta biyu ita ce bin 'yan siyasa. Cikakken ɗan a bi yarima a sha kiɗa ne. Kowace kakar zaɓe sai ya samu wanda zai liƙe wa, ya ɗinka hula irin tasa, ya ari maganarsa, har tarinsa yakan kwaikwaya. Na kansa kuwa, ra'ayi ɗaya na san shi da shi: tsine wa Auta.

Auta ɗan daudu ne mai tuwo a ƙarshen layinmu, ta ɓangaren Coal Camp. Yana ɗaura zani a kan wando, yana magana yana karya wuya, kuma duk Inugu babu mai miyar taushe irin tasa. Babu wanda ya taɓa kama shi da komai, amma an daɗe da yanke masa hukunci a baki. Mazan layinmu ba sa zama a bencinsa, wai kada a gan su. Sai dai kowannensu yana da langarsa ajiye a wurin Auta, da azahar mai okada ya bi ta baya ya rarraba musu. Ta Munzali ce babba, shuɗiya mai murfi. Zai suɗe ta, ya yi gyatsa, sannan ya fara wa'azin cewa irin su Auta ne ke hana ruwan sama sauka.

A layinmu akwai al'ada tun ta iyaye. Baƙo ba ya riƙe wuri sai wani magidanci ya tsaya masa a gaban dattawa ya ce, "Yana hannuna." In mai tsayawar ya rasu, bayan sadakar arba'in sai wani ya karɓa, in ba a samu ba mutum ya tattara. Wanda ya tsaya wa Auta tun farko shi ne Baffa Mijinyawa, tsohon mahauci da ba ya tsoron bakin kowa. Da Baffa ya rasu, Auta ya san lissafinsa. Ya riga ya nemi wani lungu a Onica inda zai koma da tukwanensa.

Ana cikin haka ne siyasa ta shigo. Munzali ya riga ya ɗinka hular wani ɗan takarar shugaban ƙasa na wata ƙaramar jam'iyya, wanda ake kira mai sassauci, har an yi masa alkawarin shugabancin 'yan kasuwar Arewa a kamfen. Sai aka tambayi ɗan takarar nan a rediyo game da masu neman jinsinsu. Ya ce shi ba ya goyon baya, amma ba aikin gwamnati ba ne leƙen katangar mutane, kuma bai yarda a doki kowa a titi kan zargi ba.

Layi ya ɗauka. Wasu suka ce ya kashe kansa, wasu suka ce in babba ya faɗi magana a hankali, zukata kan yi laushi. Na zuba ido in ga yadda Munzali zai yi da hularsa. Wallahi bai ɓata lokaci ba. Washegari ya wayi gari wayayye. Ya riƙa bin rumfuna yana cewa duniya ta ci gaba, hukunci na Allah ne, shi dama can bai taɓa ƙin kowa ba. In aka ce masa mutum ɗaya ba ya sauya tunanin jama'a, sai ya bugi ƙirji ya ce a dube shi, ai ga misali.

Da azahar ya taka har ƙarshen layi, ya tattare babbar riga ya zauna a bencin Auta, ya ci tuwo a idon kowa. Ina can na kai daddawa, na ji da kunnena.

"Auta, ka kwance kayanka," in ji shi. "No shaking. Ranar zaman dattawa ni zan tsaya maka."

Auta ya dube shi ya ce: "Alhaji, kada ka ɗora ni a kan keken ɓera. In na saki wurin Onica ba zan sake samu ba."

Munzali ya rantse har da dafa hula. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Auta ya yarda. Mutumin da ya yi shekaru yana shan zagi bai taɓa sa rai da kowa ba, ranar na ga ya juya baya yana share ido da bakin zani. Ya aika Onica ya ce a ba wani.

Kafin arba'in ɗin Baffa ta cika, ɗan takarar ya sha matsi. Ya koma rediyo ya ce an yi wa maganarsa mummunar fahimta, daga baya ma ya janye ya bi wata babbar jam'iyya. Ashe sassaucin nasa ungulu da kan zabo ne. Hular Munzali ta ɓace daga kansa a ranar.

Aka yi zaman bayan sallar Juma'a, a tabarmi a bakin layi. Babban dattijo ya tambaya wa zai karɓi Auta. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Auta yana tsugune daga gefe, idonsa a kan mutum ɗaya. Shi kuwa mutumin ya duƙufa kan carbinsa kamar yau aka ba shi. Na kasa daurewa, na ɗaga murya daga rumfata na ce ni Hajo na karɓe shi. Aka yi dariya, aka tuna mini cewa mace ba ta tsaya wa kowa. Da dattijo ya kira sunan Munzali kai tsaye, sai ya gyara murya ya ce shi mutum ne mai kishin addini, kuma an yi wa maganarsa mummunar fahimta. Ko kalmomin ma bai iya nemo nasa ba.

Aka ba Auta zuwa ƙarshen wata. Bai jira ba, kuma bai roƙi kowa ba, ko da yake ba shi da inda zai nufa. Washegari ya yi girkin ƙarshe, ya wanke langunan nan tas, ya cika kowace da tuwo da miya, ya jera su a baro. Wannan karon bai kira mai okada ba. Da kansa ya turo ta tsakiyar layi da rana tsaka, yana tsayawa a kowace rumfa yana ajiye wa mai ita tasa, tare da kiran sunansa da gaisuwa cikin ladabi. Waɗanda suka yi shiru jiya, babu wanda bai samu ba, har da babban dattijo.

Ta Munzali ce ta ƙarshe. Auta ya durƙusa ya ajiye shuɗiyar langar a kan buhun albasa.

"Ga amanarka, Alhaji. Ni na riƙe tawa."

Munzali ya kau da kai, ya ce da ƙarfi don a ji, shi bai san wannan kwano ba, a ɗauke masa ƙazanta daga gaban rumfa. Auta ya tura baronsa ya nufi tasha, daga shi sai tukwane biyu.

Da la'asar na zagaya bayan rumfar Munzali zan zubar da ruwa. Na ga langar a ɓoye tsakanin buhuna, an suɗe ta tas, ko ɗigon miya bai bari ba.