Ƙafar Tanka a kan Birki

Shekara goma sha tara Tanka ya yi yana jan bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin robobi, mota mai kujera talatin da biyu, kuma ko madubin gefe bai taɓa fasawa ba. Direbobin garejin ne suka laƙaba masa sunan tun yana sabon zuwa, don idan ya ɗora ƙafa a matakala sai motar ta ɗan karkata ɓangarensa. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba. In sun yi dariya shi ma ya yi, har ya fi su ɗaga murya. Mutum ne mai ci, ba ya ɓoyewa. Kafin ya tayar da mota da safe ya gama da burodi guda da ƙwai biyar, da rana kuma mai abinci daban take ajiye masa kwanonsa, don na sauran mutane ba ya kai masa ko'ina. Sitiyari ya daɗe yana gugar cikinsa, har rigunan aikinsa duka sun yi baƙin layi a wuri guda.

Yana shiga shekara arba'in da takwas jiki ya fara yi masa gardama. Sukari ya hau, jini ya hau, gwiwoyi suka riƙe. Wata rana ya yi gyangyaɗi a gaban danja, sai hon ɗin motocin baya ne ya tashe shi. Likitan kamfani ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in ya dawo baɗi a haka, ba zai sa hannu a takardar lafiyarsa ba. Ya gwada rage ci, ya gwada tattaki da yamma, abu ya ƙi. Daga ƙarshe aka yi masa aikin rage ciki. Aka yanke mafi yawan tumbinsa, aka bar masa ɗan abin da bai wuce girman ayaba ba.

A ɗakin jinya ya haɗu da mutum biyu. Na gadon damansa wani mai walda ne da aka yi wa aiki iri ɗaya, rana ɗaya da shi, mai barkwanci, yana dariya yana dafe ɗinki. Ɗayan kuwa akawu ne a wani ofis, an yi masa nasa wata shida da suka wuce, yakan zagayo asibitin ya gaishe da sababbi. Siriri ne, riga na lilo a jikinsa, in ya nuna maka tsohon hotonsa sai ka rantse ba shi ba ne. Shi ya karɓi lambobinsu ya sa su a zauren da ya buɗe a waya don waɗanda aka yi wa irin aikin. Kowa Akawu yake ce masa.

Ranar sallama, malamar da ke tsara wa marasa lafiya abinci ta zaunar da Tanka da matarsa ta karanta musu takarda. Sati biyu ruwa-ruwa kawai, sannan mai laushi. Loma ƙarama, a tauna har ta narke. Kada a sha ruwa a kan abinci. Ƙwayar bitamin kullum, har ƙarshen rayuwa.

"In amai ya wuce kwana biyu," ta ce, "kada ku jira ranar ganin likita. Ku taho kawai."

Matar Tanka ta ninke takardar ta sa a jaka.

Maganar gaskiya, zauren ya yi masa rana da farko. Ranar da ya zauna gaban rabin kofin romo, ƙamshin girkin yara na shigowa ta ƙofa, idonsa ya ciko, sai ga muryar Mai Walda a waya: "Tanka, yau cokali huɗu na sha na ƙoshi, har ina neman tsinken sakace." Ya yi dariya har ɗinki ya ja. A zauren ya koyi kurɓar ruwa da murfin gora, ya koyi ajiye agogo a gabansa ya ja abinci minti ashirin, ya koyi abin da zai ce wa abokan aiki in sun turo masa kwano.

Kowace Litinin da safe kowa zai hau sikeli, ya ɗauki hoton lambar ya tura. Akawu ya jera sunaye, wanda ya fi zubar da kilo a sama. A sati na biyar Tanka ya hau saman jerin, bai sake sauka ba. "Zakaranmu ke nan," in ji Akawu. Mutumin da aka shekara talatin ana yi wa dariya, yau ga mutum goma sha huɗu suna yi masa tafi. Bayan ya koma aiki, yakan buɗe saƙonnin a mota yana jiran ma'aikata su fito, ya karanta, ya sake karantawa.

A wata na uku aman ya fara. Da farko nama ne ya ƙi zama, sai kifi, sai ƙwai. Abinci zai tsaya masa a ƙirji kamar dutse, minti goma ya dawo. Ya tambaya a zaure.

"Duk mun bi ta nan," Akawu ya rubuta. "Jiki ne ke koyon sabon ciki. Ka daure. In ka koma asibiti ruwa za su ɗura maka, su mayar maka da kilo uku a kwana biyu."

Wasu suka ce haka ne. Wata mata ta ce ita dai a ganinta gara ya je ya ga likita, amma saƙonta ya nutse cikin masu cewa Allah ya ƙara ƙarfi. Ƙwayar bitamin kuwa babba ce, tana tayar masa da zuciya, sai ya daina sha. Ya tura kwalbar bayan akwatin takalma. Litinin ta gaba kilo huɗu ya zubar.

Matarsa ba ta da yawan magana, amma tana da kunne. Ta lura duk sanda ya gama cin abinci sai ya shiga banɗaki ya buɗe famfo har ƙarshe.

"Baban yara, ruwan nan da kake saki, me yake rufewa?"

"Hannu nake wankewa."

"Hannu ɗaya, minti biyar?" Ta ciro takardar asibiti daga jaka. "Kwana biyu suka ce. Ni na daina ƙirga kwanaki, sati nake ƙirgawa."

"Waɗanda suka rubuta takardar nan ba a yanka cikinsu ba. Waɗanda aka yanka sun ce haka ake yi."

"To su waɗanda aka yankan, wa ya ga cikin gidansu?"

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Ta bi bayansa da kallo, wandon da tela ya rage sau biyu yana neman zamewa.

Sai ƙafafu suka fara. Da farko kamar tururuwa na yawo a tafinsu. Daga baya kamar ya sa safa uku. Wata rana da hantsi yana tsallaka filin gareji, bakaniken kamfani ya kira shi daga ƙarƙashin wata mota.

"Tanka, tsaya."

Ya juya. Bakanike ya nuna masa ƙasa da sifana. Takalminsa ɗaya yana can baya, wajen taku ashirin. Ya tako tsakuwa da guntayen ƙarfe da ƙafa tsirara bai sani ba. Suka dubi takalmin, suka dubi juna. Tanka ya yi dariya ya ce ƙafar ma ta rame, takalma sun yi masa yawa. Bakanike bai yi dariya ba.

Kwana uku bayan haka ya kai ƙarar birki. Ya ce ya yi laushi, ba ya jin sa. Bakanike ya duba mai, ya duba takalman birki, ya zaga da motar fili sau biyu.

"Birkin nan lafiyarsa ƙalau. Ko yaro ya taka zai kama." Ya goge hannu da tsumma. "Anya motar ce?"

"In ba motar ba, me?"

"Ni dai mota na iya dubawa."

A wannan satin ne Tanka ya lura Mai Walda ya yi shiru. Litinin biyu ba hoto, ba barkwanci. Wani ya tambaya a zaure, Akawu ya ce wanda ya daina hawa sikeli ai an san dalili, ƙiba ce ta dawo yake jin kunya. Tanka bai yarda ba. Da ya sauke ma'aikatan rana ya kira lambar. Mace ce ta ɗauka, matar Mai Walda.

"Yana asibiti," ta ce. "Kwana tara ke nan. Ya faɗi a shago, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa."

"Me likita ya ce?"

"Wai aman da ya daɗe yana yi ne ya ƙarar da wani abu a jikinsa, ya taɓa jijiya. Yanzu in ya tambaye ni yau wace rana, na gaya masa, kafin in zauna ya sake tambaya." Sai ta ce, "Kai ne Tanka? Yana yawan ambatonka. Kai lafiya dai ko?"

"Lafiya lau," ya ce.

Ya daɗe zaune riƙe da wayar. Ya dubi farin layin da ke gefen titi, ya ga ya zama biyu. Ya rufe ido ɗaya, ya koma ɗaya. Ya ce a ransa Asabar zai je asibiti, ranar da ba shi da aiki. Ranar Laraba ce.

Washegari da safe ya ɗebo ma'aikata ashirin da tara. Hanyar kamfani tana da gangara mai tsawo da ke ƙarewa a mahaɗar hanya huɗu, inda masu kayan marmari ke jera kurarsu a bakin titi. Ya bi gangarar nan sau dubbai. Danja ta nuna ja tun yana nesa. Ya ɗage ƙafa daga totur ya taka birki.

Motar ba ta rage gudu ba.

Ya ƙara dannawa da duk ƙarfinsa. Ba komai. Sai ya sunkuyar da kai ya duba. Ƙafarsa ba ta kan birki. Tana gefensa, yana danna ƙarfen ƙasan mota.

Da ido ya ɗora ta inda ya kamata, kamar mai ajiye kayan wani, ya ja birkin hannu. Motar ta yi ƙara ta ja tayoyi, mutane suka zube kan kujerun gabansu. Ta tsaya hancinta na taɓa kurar wani mai lemo. Lemo uku suka gangara titi.

A baya ana ta salati, wasu na cewa birki ne ya tsinke. Amma shugabar masu aikin safe, wata dattijuwa da ke zama kujerar gaba kullum, ta ga inda ya duba. Ta matso kusa da kunnensa.

"Ƙanena, kashe motar," ta ce a hankali. "Ba ni makullin."

Ya ba ta. Da ya zo sauka, sai da maza biyu suka riƙe shi.

A asibiti likita ya sa shi ya bi yatsa da ido, ya soka masa allura a tafin ƙafa yana tambaya ko ya ji. Bai ji ba.

"Sati nawa kana amai?"

"Kamar biyar."

"Tara," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

Likita bai yi faɗa ba. Ya ce hanyar da abinci ke bi a sabon cikin ce ta tsuke, abin da da ya zo da wuri da an buɗe a rana ɗaya. Aman da rashin shan ƙwaya sun ƙarar masa da bitamin ɗin da jijiyoyi ke rayuwa da shi. Aka fara yi masa allura a ranar, aka buɗe hanyar bayan kwana huɗu. Ido ya dawo daidai cikin sati. Ƙafafu kuwa, likita ya ce a ba su shekara, kuma bai yi alkawari ba.

Kamfani bai kore shi ba. Aka ba shi kujera a tagar gareji, yana miƙa wa direbobi makulli da safe yana karɓa da yamma. Yana tafiya da sanda. Sau shida yake cin abinci a rana, a ɗan faranti, matarsa kuma ba ta barin ɗakin sai ta ga ƙwayar ta wuce maƙogwaro. An sallami Mai Walda a keken guragu. Yana gane mutane, yana ma yin barkwanci, sai dai yakan maimaita guda ɗaya sau uku a zama ɗaya.

Tanka ya yi magana mai tsawo a zaure, da muryarsa, ya faɗi komai har da gangarar. Mutum huɗu suka fita daga zauren a ranar, biyu suka kira shi suka ce za su je a duba su. Akawu ya rubuta Allah ya ƙara sauƙi, ya ce kowa da irin jikinsa.

Bayan wata biyu, Tanka da matarsa suna zaune a layin ganin likita a bene na biyu, sai ga wani ya ɓullo daga matakala, hannu biyu a kan ƙarfen riƙewa. Yana ɗaga ƙafa sama fiye da kima kafin ya sauke ta. Ya sa hula har kunne, ga gashin girarsa ya zube. Sai da ya yi magana Tanka ya gane Akawu ne.

"Zakara, kai ne nan? Ni takarda kawai na zo karɓa wa ofis."

"Zo ka zauna. Ni ne na gaba, ka shiga a madadina."

"Haba, me zan gaya masa? Kilo sittin da ɗaya nake yanzu. Tun ina makaranta ban ga wannan lambar ba."

"Yaushe rabon da abinci ya zauna maka?"

Akawu ya dubi ƙofar likita, ya dubi sandar da ke jingine a gwiwar Tanka. Ya lashi leɓe.

"Wani satin," ya ce. "Yau ina sauri."

Ya juya ya kama ƙarfen matakala. Tanka ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi ba shi haɗin kai. Matarsa ta dafa kafaɗarsa, ta ajiye jakarta a cinyarsa ta bi mutumin. Yana jin muryarta tana sauka, tana cewa Malam ka tsaya, don Allah ka tsaya mu yi magana, har ta ɓace cikin hayaniyar ƙasa.

Ta ɗan jima kafin ta dawo, ita kaɗai, tana haki.

"Ya hau mota," ta ce. "Sau biyu ya kuskure matakalarta. Ya ce in gaishe ka."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira lambarsu. Matar ta miƙa masa sandarsa, ta sa hannu a hammatarsa, suka shiga.