Saƙon Ƙanwata da Sunan Kawu

Ko na tsufa tukuf ba zan manta makon da ƙanwata ta kusa rasa gurbinta a makarantar koyon aikin ungozoma ba. Sun ɗauke ta, suka turo mata imel cewa ta amsa kafin Juma'a, kuma da adireshin da ta nemi gurbin da shi, in ba haka ba su ba wata. Ta amsa, ta sake amsawa, amma da ta buga musu waya sai suka ce ba su ga komai da sunanta ba.

Ranar Laraba na tashi daga makarantar da nake koyarwa a Rano, na hau acaɓa zuwa gidanmu a Rurum. Na tarar idonta ya yi jajur, Inna kuwa har ta fara cewa da sa hannun maƙiya. Ni dai ban yarda waya tana haɗiye saƙo haka siddan ba. Na ce ta nuna mini yadda take yi.

"Ba na danna wurin amsa, Yaya," in ji ta. "Manya ne fa. Sabon saƙo nake buɗewa, in fara da gaisuwa."

Na shiga wurin saƙonnin da aka tura, na duba layin da ke nuna mai aikowa. Sunan Kawunmu ne zaune daram. Wayar tasa ce, ya ba ta kyauta da ya sayi sabuwa, kuma imel ɗin da aka buɗe masa don rajistar taki yana ciki. Nata ɗora shi ta yi a kai, shi ya sa duk sabon saƙo da na Kawu yake fita. Nan take na koma kan saƙon makarantar, na danna amsa, na tabbatar sunanta ne a sama, na tura.

Da na ce zan cire na Kawu gaba ɗaya, Inna ta riƙe mini hannu. "Yayana yana raye ki goge sunansa daga abin da ya bayar? Sai da izininsa." Ashe kowa a gidan ya san sunan yana ciki, kunya ce ta hana a taɓa.

Washegari muka iske Kawu a rumfarsa ta hatsi a Kibiya, har lokacin makaranta shiru. Ina gama bayani ya ajiye tiya, ya yi dariya har da hawaye.

"Ashe ku ne. An karanta mini wani saƙo a sabuwar wayata, wai makarantar ungozoma tana tambayar ko wane ne ni. Na ce da wannan gemun zan karɓi haihuwa?" Sai ya dubi ƙanwata, dariyar ta ɗauke. "Saboda sunana za ki zauna a gida? Cire shi yanzu, ina kallo."

Ba mu bar rumfar ba wayar ta yi ƙara: an tabbatar mata da gurbinta. Ta durƙusa nan cikin buhuna tana kuka.

Tun ranar ba na tura saƙo sai na duba da sunan wa zai fita. Na kuma koyi cewa abin da muke jin nauyin tambayar babba, sau da yawa shi ya fi mu son a tambaye shi.